Takalmin Kariya a Wuraren Gini: Ƙa'idojinsa da Matsayin Leburan Yini

Gabatarwa

Takardar da za mu gabatar ta shafi wani ɗan ƙaramin sashe ne na babban batun kiyaye lafiyar ma'aikaci a bakin aikinsa, watau takalmin da ya kamata mai aikin gini ya sa a ƙafarsa. Mai yiwuwa ne wani ya ga kamar batun bai kai a tsayar masa da takarda guda ba, tun da yake faɗowa daga bisa da rushewar gini su ne suka fi cin rayuka. Wannan gaskiya ne. Sai dai raunin ƙafa, ko da yake bai cika yin kisa ba, yakan kwantar da mutum makonni, kuma leburan da ake sallama da yamma, duk ranar da bai iya taka ƙafarsa ba, to ranar babu cefane a gidansa.

Za mu fara da bayyana irin haɗarin da ƙafa take fuskanta a filin gini, sa'an nan mu duba ma'aunin da ƙasashen duniya suka tsayar domin gane takalmin da ya cancanci a kira shi na kariya. Daga nan za mu koma kan dokoki. Abin da muke so mu nuna shi ne, injiniyoyi sun riga sun yi nasu aikin, sun faɗi yadda takalmin zai kasance har da lissafin ƙarfinsa. Tambayar da ta rage a wurinmu ita ce wa zai saya wa wa, kuma a nan ne leburan yini, wanda ya fi kowa bukatar takalmin, yake faɗawa tsakanin doka da al'adar kasuwa.

Daga ƙasa zuwa siminti

Kafin mu shiga maganar ƙa'idoji, ya kamata mu tuna cewa gini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, mai sarauta da tsari, tun daga Sarkin Magina har zuwa yaran da ke miƙa tubali. Ayyukan gwanaye irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, shaida ne a kan haka. A wannan sana'a ta gargajiya ƙafa kayan aiki ce. Da ita ake tattake ƙasa da ruwa da ciyawa har kwaɓin ya nuna, da ita kuma magini yake jin ko ƙasar ta yi danƙo ko da saura. In ya hau katanga ya zauna ana jefo masa tubali, ƙafar da ba takalmi ta fi kama jikin bango. Saboda haka rashin sa takalmi a wancan tsari ba sakaci ba ne, aikin ne ya bukaci haka.

Abin da ya faru shi ne kayan gini sun sauya, amma al'adar ƙafa ba ta sauya tare da su ba. Siminti ya maye gurbin ƙasa, bulo ya maye gurbin tubali, aka kawo rodi da katakon da ake kafa wa kankare da ƙusoshi ba iyaka, ga kuma wayoyin lantarki da injuna. Duk da haka, wanda ya zaga wuraren gine-ginen gidaje a Kano ko Zandar ko Kaduna zai tarar da lebura tsaye cikin kwaɓin kankare da silifa, ko da tsohon kambas, ko ma ƙafa ba komai, kamar dai yadda kakansa ya tsaya cikin kwaɓin ƙasa. Wani ya ɗaura ledar ruwa ko takardar buhun siminti a ƙafa, wanda ke nuna ya san akwai illa, abin kare kan ne bai samu ba.

Abin da ke samun ƙafa a filin gini

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26, yawancinsu ƙanana, kuma daga sama babu wani nama mai kauri da ya rufe su. Haɗari na farko da kowa ya sani shi ne faɗowar abu mai nauyi a kan yatsu, kamar bulo ko guntun rodi ko katako, ko kuma tayar baro ko ta mota ta bi ta kansu.

Na biyu shi ne taka ƙusa, kuma muna ganin shi ne ya fi yawa a irin gine-ginenmu, domin bayan an cire katakon dakin akan zubar da shi a tsakar fili da ƙusoshinsa suna kallon sama. Ramin ƙusa ƙarami ne a ido, amma yana da zurfi, kuma yana shigar da datti inda wanki ba ya kaiwa. A nan ne ƙwayar cutar tetanus, mai sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare, take samun wurin zama, musamman ga wanda bai yi rigakafi ba. Ya kamata a lura cewa tsatsa ba ita ce ke kawo cutar ba, kamar yadda jama'a suka ɗauka. Ƙwayar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi ne, don haka sabuwar ƙusa ma tana iya shigar da ita. Likitoci sun kuma lura cewa idan ƙusa ta ratsa takalmi mai tafin roba, kamar kambas, takan tafi da wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin damshin takalmin har zuwa ƙashi, ta sa shi ruɓa. Ke nan takalmin da bai dace ba yana iya ƙara wa rauni muni. Ga mai ciwon sukari kuwa, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa, yana iya yini da ƙusa a tafin ƙafa bai ji ba, kuma irin wannan rauni ne kan kai ga yanke ƙafa.

Na uku shi ne ƙunar siminti, wadda ba a cika ba ta muhimmanci ba. Jiƙaƙƙen siminti dangin ruwan toka ne da sodar da ake yin sabulu da ita. A ma'aunin da masana kimiyya suke kira pH, inda ruwa mai tsabta yake a 7, shi yana tsakanin 12 da 13. Yana cin fata a hankali ba tare da zafi ba da farko, sai bayan sa'o'i mutum ya ga ƙafa ta yi ja, ta yi bororo, wani lokaci ƙunar ta ratsa fata gaba ɗaya. Mafi muni shi ne idan kwaɓin ya zuba cikin takalmi ya zauna a jikin fata har a tashi aiki. Bugu da ƙari, siminti yakan ƙunshi wani nau'in sinadarin kuromiyam da ke sa wasu mutane ƙaiƙayi da tsattsagewar fata wanda ba ya rabuwa da su, abin da ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade yawansa a cikin siminti tun daga shekarar 2005. Maganin gaggawa ga wanda siminti ya shiga wa takalmi shi ne a cire takalmin da safa nan take, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin kamar minti 20, sa'an nan a nufi asibiti.

Sauran haɗurran, watau santsi da gurɗewar idon sawu da zafin kwalta da jan lantarki, za su fito a cikin bayanin ma'auni.

Ma'aunin da ake gwada takalmi da shi

Ba kowane but mai nauyi ne takalmin kariya ba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne mai lamba 20345 na hukumar tsara ma'aunai ta duniya, watau ISO, mai mazauni a Janiba. Ya fara fitowa a shekarar 2004, aka yi masa gyara a 2011, aka kuma sake shi a 2021, ƙasashen Turai suka karɓi sabon a 2022.

Ginshiƙin wannan ma'auni shi ne ƙoƙon da ke rufe yatsu. Dole ne ya jure bugu mai ƙarfin jul 200. Domin waɗanda ba fanninsu ba ne, jul ma'aunin ƙarfin bugu ne, kuma jul 200 daidai yake da abu mai nauyin kilo 20 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya da 'yan kai. Haka ma ake yin gwajin: a sa ɗan curin yumɓu a cikin takalmin a madadin yatsa, a sako ƙarfe mai kilo 20 a kansa, sa'an nan a auna tsayin da yumɓun ya rage da shi. Ga takalmi mai lamba 41 ko 42, wajibi ne a sami sararin milimita 14 ko fiye. Dole ne kuma ƙoƙon ya jure dannawa a hankali da nauyin da ya kai kimanin tan ɗaya da rabi. Ana yin ƙoƙon da ƙarfe ko alminiyam ko wasu haɗe-haɗen roba da zare masu tauri, kuma ma'aunin bai damu da abin da aka yi shi da shi ba muddin ya ci gwaji. Akwai ma'auni mai lamba 20346 wanda ƙoƙonsa jul 100 kawai yake ɗauka, da mai lamba 20347 na takalman aiki marasa ƙoƙo. Mai saye ya kula, domin lamba ɗaya ce ta raba su a rubuce.

Bayan ƙoƙo sai tafi. Takalmin da aka ce yana hana ƙusa ana sa masa faranti a tsakanin tafi da shimfiɗar ciki, kuma ana gwada shi da ƙusa mai kaurin milimita 4.5, wadda ba za ta ratsa ba sai an danna ta da ƙarfin da ya kai niyuton 1,100, watau nauyin kimanin kilo 112. Gyaran 2021 ya raba farantin ƙarfe, mai alamar P, da farantin saƙa wanda ba ƙarfe ba. Na saƙar ma an kasa shi biyu: PL ga wanda aka gwada da ƙusa mai kaurin 4.5, PS ga wanda aka gwada da siririya mai kaurin milimita 3. Dalilin wannan rabo shi ne siririyar ƙusa ta fi sauƙin kutsawa tsakanin zaren saƙa. Farantin ƙarfe bai cika damuwa da kaurin ƙusa ba, amma ba ya rufe tafin har gefe-gefe, ya kuma fi nauyi. Kowanne da inda ya fi.

Domin sauƙaƙa wa mai saye, an tattara waɗannan siffofi cikin aji-aji, ana buga alamar a harshen takalmin. SB shi ne mai ƙoƙo da sauran sharuɗɗan tushe kaɗai. S1 ya ƙara da rufaffiyar dunduniya mai shanye bugun taku da kuma zubar da lantarkin da kan taru a jiki. S2 ya ƙara da fatar sama mai jure ruwa. S3 ya haɗa duk wannan da farantin ƙusa da tafi mai haƙora, kuma shi ne aka fi sani da takalmin filin gini. S4 da S5 takalman roba ne dogaye waɗanda aka zuba su gaba ɗaya ba ɗinki, S5 ne mai farantin ƙusa. Gyaran 2021 ya ƙaro S6 da S7, waɗanda ruwa ba ya shigarsu ta ko'ina. Idan muka ɗora wannan a kan aikinmu, kafinta da mai ɗaurin rodi da birkila S3 ne nasu. Mai shiga cikin kankare ranar zuba dakin kuwa S5 ne nasa, kuma tsayinsa ya wuce zurfin kwaɓin, a kuma toshe bakinsa yadda kwaɓi ba zai zuba ciki ba. Takalmin ruwa na kasuwa wanda manoman fadama suke sawa yana hana siminti, amma ƙusa ratsa shi take yi kamar takarda.

Akwai ƙarin alamomi. HRO na nufin tafin ya jure taɓa abu mai zafin digiri 300 na tsawon minti ɗaya, abin da masu shimfiɗa kwalta suke bukata. M na nufin an ƙara garkuwa a gadon ƙafa, inda dogayen ƙasusuwa biyar suke, domin ƙoƙo yatsu kaɗai yake rufewa. Wajibi ne mu tsaya kan wani kuskure mai haɗari game da lantarki. Takalmin S1 ko S3 da aka ce yana zubar da lantarkin jiki an yi shi ne ya bar ɗan lantarki ya wuce zuwa ƙasa, domin kada tartsatsi ya tashi a wurin da akwai mai ko gas. Ba a yi shi domin ya kare mai aikin wayarin daga jan wuta ba. Wannan yana da nasa takalmin da nasa ma'aunin dabam. A Amurka, alal misali, ana gwada mai alamar EH da bolt 18,000 na minti ɗaya, kuma a bushe, domin da zarar ya jiƙe ko tafin ya cinye kariyar ta ragu ƙwarai.

Amurka tana da nata ma'aunin, mai suna ASTM F2413, wanda ya fito a 2005. Ƙarfin bugun da yake nema ya kai kimanin jul 102. Kada a yi saurin cewa takalmin Amurka rabin na Turai ne, domin siffar ƙarfen bugun da hanyar gwajin sun bambanta. Mun kawo shi ne saboda takalman gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu wasu da wannan alama suke zuwa.

Iyakar abin da takalmi zai iya

Lissafi kaɗan zai nuna mana inda takalmi ya tsaya. Bulo mai inci tara yakan kai kilo 20 ko fiye. Idan ya suɓuce daga hannun lebura a tsayin ƙugu, bugunsa yana kusa da jul 200, watau daidai bakin abin da ƙoƙo zai ɗauka. Idan kuwa ya faɗo daga dandamalin da birkila yake tsaye a kai, a tsayin mita uku, bugun ya kai jul 600, ninki uku ke nan. Haka nan mutum mai kilo 70 da ya saɓo buhun siminti mai kilo 50, in dukkan nauyinsa ya taru a kan ƙusa ɗaya, ya ɗan zarce kilo 112 ɗin da aka gwada farantin da shi.

Saboda haka ne masana wannan fanni suke ajiye kayan kariya na jiki a mataki na ƙarshe. Mataki na farko shi ne a kawar da haɗarin: a zare ƙusa ko a lanƙwasa ta lokacin da ake cire katako, a sa allon tokare a gefen dandamali domin kada bulo ya gangaro, a hana mutane bi ta ƙarƙashin masu aiki a sama. Dokar gini ta Amurka ta ambaci kwashe katako mai ƙusoshi daga wurin aiki da hanyoyin wucewa a fili. Wannan aiki ne da yaro ɗaya da guduma zai yi, kuma bai bukatar canjin kuɗin waje.

A nan za mu ɗan ratse mu taɓo wata magana da ke yawo a bakin ma'aikata, cewa wai ƙoƙon ƙarfe in ya lotse yakan datse yatsu, don haka gara a bar shi. Amsa ita ce nauyin da zai iya lotsa ƙarfen da ya jure tan ɗaya da rabi, in ya sami ƙafa a cikin silifa, ba yatsu kaɗai zai tafi da su ba.

Wa zai biya?

Ƙa'idar da ƙungiyar ƙwadago ta duniya, watau ILO, ta tsayar a bayyane take. Yarjejeniya mai lamba 155 ta shekarar 1981 ta ce a kan mai ba da aiki ne samar da kayan kariya, kuma matakan kiyaye lafiya ba za su ci wa ma'aikaci ko kwabo ba. Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya a 1994, kuma a 2022 babban taron ƙungiyar ya sa ta cikin yarjejeniyoyin tushe. Yarjejeniya mai lamba 167 ta 1988, wadda aka keɓe wa aikin gini, ta maimaita haka a sashenta na 30, ta ƙara da cewa kayan su dace da ma'aunin da hukuma ta tsayar, shi kuma ma'aikaci wajibi ne ya yi amfani da su yadda ya kamata.

Yadda ƙasashe suka zartar da wannan ƙa'ida ya bambanta, kuma bambancin yana da darasi. A Ingila dokar 1974 ta hana mai ba da aiki cajin ma'aikaci kuɗin abin da doka ta wajabta domin lafiyarsa, sa'an nan dokar kayan kariya ta 1992 ta fayyace sauran. Amma shekara 30 aka yi wannan doka ta biyu tana magana a kan ma'aikaci mai cikakkiyar yarjejeniyar aiki kaɗai. Sai a watan Afrilu na 2022 aka faɗaɗa ta ta haɗa da masu aikin wucin gadi, waɗanda ake kira in aiki ya samu. Watau ko a can ma mai aikin yini ne ya zo ƙarshe.

Amurka ta bi wata hanya. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, wadda dokar 1970 ta kafa, ta fitar da ƙa'ida a 2007 cewa mai ba da aiki ne zai biya kuɗin kayan kariya. Amma ta cire takalmi mai ƙoƙo na yau da kullum daga cikin jerin, muddin an bar ma'aikaci ya tafi da shi gida, bisa hujjar cewa kayansa ne na kansa wanda yake yawo da shi daga aiki zuwa aiki. Takalmin roba mai ƙoƙo da garkuwar gadon ƙafa kuwa suna kan mai ba da aiki. A ganinmu wannan togaciya ta dace ne da ƙasar da ladan yini ɗaya zai iya sayen takalmi. Bai kamata a kwafo ta zuwa inda kuɗin takalmi na gaske ya haura ladan lebura na kwanaki da dama ba.

A Nijeriya dokar da ta ambaci takalmi da suna ita ce Dokar Masana'antu ta 1987. Sashenta na 47 ya ce inda ma'aikata suke aiki cikin jiƙa mai yawa ko cikin abubuwa masu cutarwa, a samar musu da tufafi da kayan kariya, har da safar hannu da takalmi da tabarau da abin rufe kai. Abin lura biyu ne. Sashen yana magana ne a kan jiƙa da sinadari, bai ambaci faɗowar nauyi ko ƙusa ba, bai kuma faɗi ma'aunin da takalmin zai cika ba. Na biyu, wanda ya fi girma, doka ce ta masana'anta, kuma masu nazarin wannan fanni sun daɗe suna nuna cewa ma'anar masana'anta da ta bayar ba ta rungumi filin gini sosai ba. Abin mamaki shi ne Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta fi ta faɗi. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba rubutu, kuma ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF. Ke nan a rubuce doka ta san leburan yini bayan ya ji rauni, amma ba ta yi masa cikakken tanadi kafin raunin ba.

Manyan kamfanonin da ke gina hanyoyi da gadoji galibi suna ba da takalmi, domin sharaɗin kwangila da na inshora sun tilasta musu. Matsalar tana ga ƙananan gine-gine, inda mai gida ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba birkila jinga, birkila ya je bakin titi da sassafe ya kwaso leburori. A cikin wannan sarƙa kowa yana ganin ba shi ne mai ba da aiki ba. Turai ta fuskanci irin wannan, shi ya sa umarninta na 1992 kan wuraren gini, da dokar Ingila ta 2015 kan tsarawa da gudanar da gini, suka ɗora wani sashe na nauyin a kan mai ginin kansa, watau wanda kuɗin yake fitowa daga aljihunsa. Muna ganin nan ne ya kamata mu dosa. A sa kuɗin kayan kariya a matsayin layi mai zaman kansa a cikin lissafin kwangila, kamar yadda ake sa siminti da rodi, kuma hukumomin tsara birane da ke ba da izinin gini su nemi ganin wannan layi. Abin da ba a rubuta masa kuɗi ba shi ne ɗan kwangila yake fara yankewa in farashin siminti ya tashi.

Za a ce, yaya za a saya wa mutumin da gobe ba lallai ya dawo ba? Ƙa'idar Turai ta 1989 ta ce kayan kariya na mutum ɗaya ne, amma ta yarda a yi tarayya in hali ya sa, da sharaɗin a kula da tsabta. Takalmin roba na S5 yana wankuwa ciki da waje, don haka ana iya ajiye lambobi dabam-dabam a sito, helma ya raba da safe ya karɓa da yamma, kowa da safarsa. Na fata ba ya karɓar wannan tsari, shi sai dai a ba birkila da kafinta da yaransu na dindindin.

Abin da ke sa a cire takalmin

Ba da takalmi bai tabbatar da za a sa shi ba. Ma'aunan da muka ambata an tsara su ne a ƙasashen sanyi, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40. But mai nauyi a irin wannan rana azaba ne, ga gumi da ke sa tsakanin yatsu ya ruɓe. Ma'aikacinmu kuma yakan cire takalmi domin alwalar azahar da ta la'asar, in ya mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa ciki damshin ya ƙaru, in igiyar tana da wuyar ɗauri sai ya ƙarasa yinin da silifa. Don haka mai saye ya nemi mara nauyi, mai fatar da iska ke ratsawa, mai sauƙin cirewa, ya haɗa da safar auduga biyu. Girma ma abin kula ne. Takalmin da ya yi yawa yana sa tuntuɓe a kan tsani, wanda ya matse kuwa ƙoƙonsa yana cin yatsu domin ba ya saki kamar fata. Amurka ma sai a watan Janairu na 2025 ta wajabta a fili cewa kayan kariyar masu gini su dace da jikin kowane ma'aikaci, bayan koke-koken mata da masu ƙaramin jiki.

Sai kuma jabu. Buga alamar S3 a harshen takalmi ba shi da wuya, kuma ido ba ya iya gane ko akwai faranti a cikin tafi. Na gwanjo kuwa ba a san tarihinsa ba, alhali ƙa'ida ita ce ƙoƙon da ya taɓa shan bugu mai ƙarfi a jefar da takalmin ko da bai nuna alama ba, musamman wanda ba na ƙarfe ba, domin yakan tsage a ɓoye. Tafin roba irin na zamani kuma yakan rududduge in ya daɗe a ajiye cikin zafi da damshi, ko da ba a taɓa sa shi ba. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su, kuma ya kamata ɗan kwangila ya nemi takardar gwaji daga dillali kafin ya biya.

Muna da majemu a Kano, muna da masu ɗinkin takalma a Aba da dukawa a kusan kowane gari, muna kuma da cibiyar nazarin fata da ke Samaru, Zariya. Abin da ke tsakaninsu da takalmin S3 shi ne ƙoƙo da faranti da tafi mai inganci, da kuma ɗakin gwaji da zai tabbatar da abin da suka haɗa. Na'urar gwajin bugu ba wata abin tsoro ba ce ga sashen injiniya na kowace jami'a da ke da wakili a wannan zaure: ƙarfe mai kilo 20, da doguwar hanyar da zai zamo a kai mai tsayin mita ɗaya, da maƙalar da za ta riƙe takalmin, da curin yumɓu.